Kuskuren Carlsen da Anand bai kama ba: amsa ga mai tambaya daga Birnin Kebbi

Wani ɗalibi daga Birnin Kebbi, wanda ke buga darar ces da abokansa bayan la'asar, ya aiko da tambaya. Ya ce ya buɗe wasa na shida na gasar kambin duniya ta 2014 a wayarsa, sai ya ga a taku na 26 manhaja ta sa wa Carlsen alamar babban kuskure, ta kuma sa wa Anand irinta nan take. Yana so ya san yadda zakaran duniya zai yi wannan ɓarna, abokin karawarsa kuma ya kasa gani, har wani abokinsa na cewa haɗin baki ne. Sannan yana neman hanyar da zai riƙa nazarin wasan manya ya ƙaru.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, ka gaida abokan wasan naka. Mai maganar haɗin baki kuwa ka ce masa ya kwantar da hankalinsa. A ranar 15 ga Nuwamban 2014, a birnin Sochi na ƙasar Rasha, mutanen nan biyu sun zauna ne kowa da maki biyu da rabi. Magnus Carlsen ɗan ƙasar Norwe, mai shekara 23, shi ya ci wasa na biyu. Viswanathan Anand ɗan Indiya, mai shekara 44, ya rama a na uku, sauran kuma canjaras. Shekara ɗaya kafin nan Carlsen ya ƙwace kambin daga hannun Anand a garinsu Chennai ba tare da Anand ya ci ko wasa ɗaya ba. Wanda aka yi wa haka a gaban danginsa, ya sha wuya ya ci gasar 'yan takara don ya dawo, ba shi ne zai ga nasara a ƙasa ya tsallake ta da gangan ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan kuskure bai faɗo daga sama ba. Tarkon ya daɗe a kan allo yana jiran sharaɗi ɗaya tak. Manhaja za ta nuna maka lokacin da ya tashi, amma ba za ta nuna maka yadda aka haƙa shi ba, kuma a nan ilimin yake.

Ka ajiye wayar, ka ɗauko allo na gaske. A rubutun wasa K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, B bishop, N doki. Soja ba shi da harafi, sunan gidan da ya taka kawai ake rubutawa. Alamar x ci ne, alamar + kuma cek, wato hari kai tsaye kan sarki. O-O-O na Fari shi ne sarki ya koma c1, hasumiyar a1 ta dawo d1, a taku ɗaya. Carlsen ke da fari.

1.e4 c5 2.Nf3 e6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 a6 5.c4 Nf6 6.Nc3 Bb4 7.Qd3 Nc6 8.Nxc6 dxc6 9.Qxd8+ Kxd8 10.e5 Nd7 11.Bf4 Bxc3+ 12.bxc3 Kc7

Anand ya buɗe da Sisiliyan, buɗin da aka sani da faɗa da ruɗani, irin filin da ya fi jin daɗi. Kafin taku na goma Carlsen ya kawar da sarauniyoyi biyu daga allo, ya mayar da wasan irin nasa: a hankali, a matse, ba hayaniya. Wanda ya kalli allon da idon farko zai ce Fari ne ya lalace, don yana da sojoji biyu a jere a layin c, na a2 kuma shi kaɗai. Amma ka tambayi kanka, wa zai kai musu hari? Babu ɗan Baƙi da ke da hanyar zuwa gare su. Rauni da ba a iya taɓawa ba ya ciwo. Shi kuwa Fari ya samu bishop biyu, ga sojan e5 da ya tokare ƙirjin Baƙi ya hana doki komawa f6.

13.h4 b6 14.h5 h6 15.O-O-O Bb7 16.Rd3 c5 17.Rg3 Rag8 18.Bd3 Nf8 19.Be3 g6 20.hxg6 Nxg6 21.Rh5 Bc6 22.Bc2 Kb7

Wannan yanki shi ya fi burge ni a wasan, kuma yawancin masu kallo tsallake shi suke yi don su je wurin kuskure. Dubi sojan h. Ya taka h4, ya taka h5, ba ya neman cin kowa. Aikinsa ya daskarar da sojojin Baƙi na wannan gefe. Anand ya amsa da h6 don kada sojan ya ƙara matsowa, amma daga nan sojan g7 ya zama kaya: in ya tsaya a kai masa hari, in ya gusa a ci shi a bar na h6 shi kaɗai. Sai hasumiya ta hau d3 ta ratsa ta gaban sojojinta zuwa g3. Nan take hasumiyar Baƙi ta koma g8 gadi, ɗayar kuma tana h8 ba ta taɓa motsi ba. Manyan 'ya'ya biyu, masu daraja biyar-biyar, sun zama masu gadin sojoji. Da Anand ya gaji ya taka g6 don ya numfasa, sai dokinsa ya samu gida a g6, amma na h6 ya rage ba soja a gefensa.

To yanzu ka tsaya ka duba layin g da kyau. Hasumiyar Baƙi tana g8, dokinta na gabanta a g6, hasumiyar Fari tana ƙasa a layi ɗaya da su. Duk sa'ad da dokin ya tashi, hasumiyoyin biyu za su ga juna. Dokin kuma yana da abin ci a kusa, wato sojan e5, wanda hasumiyar h5 kaɗai ke tsaronsa. Wannan shi ne tarkon. Tun taku na 21 yana nan. Abin da ya rage shi ne a san ko yana aiki ko ba ya yi, kuma amsar tana sauyawa da kowane taku.

A taku na 21, da Anand ya ci 21...Nxe5, sai 22.Rxe5 Rxg3 23.fxg3. Hasumiyar g3 tana da mai tsaronta, sojan f2, saboda haka Baƙi ya yi asarar doki a kan soja ɗaya. Ga kuma wani cikas: sarkin Baƙi yana c7, a kan karkataccen layin da ya bi ta d6 da e5 zuwa f4, bishop na iya zuwa f4 ya ɗaure duk abin da ya tsaya a e5. Da 22...Kb7 sarki ya sauka daga wannan layi, cikas ɗaya ya tafi. Shi ma Carlsen da ya janye bishop daga d3 zuwa c2, ya kawar da shi daga bakin doki, amma ya bar sojan c4 ba mai tsaro. Ba wanda ya damu da haka a lokacin, don babu mai iya kaiwa c4.

23.Rg4 a5 24.Bd1 Rd8 25.Bc2 Rdg8

Da 23.Rg4 hasumiya ta riƙe sahu na huɗu, ta buɗe wa sojan g hanya, amma ta rabu da kariyar sojan f2. Yanzu tana tsaye ita kaɗai. A taku na 24 bishop ya koma d1 ya tsare ta daga nesa, a na 25 ya dawo c2 ya sake barin ta. Duk da haka tarkon bai tashi ba. Gwada da hannunka, sarkin Fari yana c1: Baƙi ya ci Nxe5, Fari ya ci Rxg8, yanzu Baƙi na da abu biyu da yake son yi a taku ɗaya, ya rama hasumiya kuma ya tserar da doki. In ya rama, Rxe5 ta cinye dokin. Mafitarsa kaɗai ita ce dokin ya gudu da cek, don Fari ya shagala da sarkinsa. Cek ɗin da ke akwai a nan Nd3+ ne, bishop na c2 kuma yana kallon d3, sai ya cinye shi. Saboda haka sharaɗin da ya rage guda ne: a samu gidan da doki zai yi cek ba a ci shi ba.

Me ya sa Carlsen bai ci sojan h6 kawai ya huta ba? Don hasumiyar h5 ɗaure take da e5. In ta ci Rxh6 ta bar sahu na biyar, doki ya ci e5, an yi musayar soja da soja, matsin ya saki. Sai ya ga gara ya kawo sarkinsa wannan gefe, ya taka f3, ya toshe wa bishop ɗin c6 hanya zuwa g2, sannan ya girbe a natse. Shiri ne mai kyau. Hanyar da sarki zai bi zuwa e2 biyu ce, ta d1 ko ta d2. Ta d1 babu abin da doki zai yi masa.

26.Kd2

Sarki ya taka gidan da doki ke kaiwa daga c4, sojan c4 kuma bishop ya saki tsaronsa tun taku na 22, hasumiyar g4 kaɗai ta rage masa, da zarar ta tafi cin g8 ba shi da kowa. Sharaɗin ya cika. Ga abin da ke kan allo: 26...Nxe5, in Fari ya ci 27.Rxe5 sai Rxg4, ya ba da hasumiya da soja ya karɓi doki. In ya ci 27.Rxg8, Baƙi ba zai rama nan take ba, sai ya ratsa da 27...Nxc4+. Sarki ya matso 28.Kd3 don ya kama dokin, doki ya sake tsalle da cek, 28...Nb2+. Ka lura, komawa e5 da cek ba ta yi, hasumiyar h5 na jira a can. Bayan 29.Ke2 sai a rama, 29...Rxg8. Ƙirga: manyan 'ya'ya daidai, Baƙi na da soja shida, Fari huɗu. In Fari ya ci na h6, Baƙi ya ci na g2.

Ba zan ce maka wasan ya ƙare a nan ba. Fari na da bishop biyu, Carlsen kuma mutum ne mai taurin kai wajen kare kansa. Amma sojoji biyu a hannun Anand, a wasan da babu sarauniya, abu ne da ake sa ran ya kai shi gida. Da ya kai, da shi ke gaba a tsakiyar gasa.

26...a4 27.Ke2

Anand bai daɗe yana tunani ba, ya tura sojan a. Ba agogo ne ya kore shi ba, duk su biyun suna da lokaci, don awa biyu ake ba kowa na taku arba'in na farko. Carlsen ya gane ɓarnar da ya yi da zarar ya saki sarkin daga hannunsa, ya zauna yana jiran hukunci, kuma duk wanda ya kalli bidiyon zai ga yadda ya kifa kai bayan Anand ya taka. Da sarki ya isa e2 ƙofa ta rufe: daga e5 babu gidan da doki zai je ya yi wa e2 cek. Taku ɗaya aka buɗe ta.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Lissafin nan taku huɗu ne, kowanne dole. In aka jera maka allon aka ce Baƙi ke da taku, nemo nasara, kai ma za ka samo cikin minti biyar. Anand, wanda tun yana saurayi aka san shi da saurin lissafi, zai gani cikin daƙiƙa. Amma a wasa na gaske ba mai taɓa kafaɗarka ya ce duba nan. Ni a fahimtata, sanin tarkon ne ma ya rufe musu ido, su biyun. Gwani kamar su ya riga ya duba Nxe5 a takun baya, ba sau ɗaya ba, kullum amsa ɗaya: ba ta aiki. Ƙwaƙwalwa in ta samu amsa ɗaya sau uku sai ta rufe fayil ɗin. Ga shi allon ya maimaita kansa, matsayin bayan taku na 25 shi ne na bayan taku na 23, sai mutum ya ji kamar babu sabon abu. Sarki ya gusa gida ɗaya, taku mafi shiru a duk allon, ba wanda ya sake buɗe fayil.

Na Anand yana da ƙarin dalili. Tun taku na goma yake kare kansa. Ka san ɗan kokawa da aka daɗe ana turawa a fage, ya dasa ƙafafu, duk hankalinsa na kan kada ya faɗi. Abokin karawa zai iya miƙo masa ƙafa a sake, bai gani ba, don ya daina neman kayarwa. Anand ya riga ya tsara abin da zai yi, soja zuwa a4, zuwa a3, sannan bishop zuwa a4 a yi musaya. Hannunsa ya ci gaba da shirin. Shi da kansa ya faɗa wa 'yan jarida bayan wasan cewa in mutum ba ya tsammanin kyauta, wani lokaci ba ya karɓar ta. Akwai kuma kwarjini: in Carlsen ne ya taka, zuciya na gaya maka ai ya duba.

Kada ka ɗauka wannan na su kaɗai ne. A 2006 a birnin Bonn na Jamus, Vladimir Kramnik yana zakaran duniya ya bar kwamfuta Deep Fritz ta kashe sarkinsa a taku ɗaya, abin da ɗan koyo zai gani. A Disamban 2024 a Singafo, Ding Liren, zakaran duniya na lokacin, ya taka 55.Rf2 a wasa na ƙarshe, a matsayin da kowa ke ganin canjaras ne, ya miƙa wa abokin karawarsa Gukesh kambi.

Abin da ya fi min ciwo a wasan Sochi shi ne abin da ya biyo baya, don a nan aka yi asarar gaske. Anand ya gane abin da ya tsallake da zarar ya saki sojan. Matsayinsa bayan 27.Ke2 yana da wuya, amma bai fi na taku biyu baya muni ba, ana iya ci gaba da jurewa. Sai dai mutumin da ke zaune yanzu ba shi ne na ɗazu ba.

27...a3 28.f3 Rd8 29.Ke1 Rd7 30.Bc1 Ra8 31.Ke2 Ba4 32.Be4+ Bc6 33.Bxg6 fxg6 34.Rxg6 Ba4 35.Rxe6 Rd1 36.Bxa3 Ra1 37.Ke3 Bc2 38.Re7+

Sojan da aka tura a3 don ya daskarar da na a2 ya zama abin hari shi ma. 30.Bc1 taku ne mai kyau ƙwarai, bishop ɗaya yana kallon a3 ta hagu, yana kallon h6 ta dama. Hasumiyar h8 ta bar gadinta ta tafi a8, gefen sarki ya rage ba kowa. A taku na 32, bayan cek, masu sharhi da dama sun nuna 32...Ka7, a bar bishop ya ci hasumiyar a8, sarki ya rama, sannan a kutsa da ɗaya hasumiyar ta d1 a nemi sojan a2. Asara ce, amma mai rai. Anand ya mayar da bishop c6, wato ya janye abin da ya ɓata taku shida yana shiryawa, sai sojojinsa suka fara zuba, g6, e6, a3. Bayan 38.Re7+ ya miƙa hannu. In sarki ya je c6, Rxh6+ ce, ba gidan gudu, bishop ya tare a g6 a cinye shi a kashe sarki. In ya je a6, Rxh6 ta ɗaure sojan b6, bishop ya ci c5.

Shi kuwa Carlsen, dubi takunsa daga 27 zuwa ƙarshe. Mutumin da ya san saura ƙiris ya zubar da wasan, amma ya koma kan shirinsa kamar ba abin da ya faru. A ganina wannan ya fi ƙarfin lissafi wuyar koyo. Gasar ta ƙare ne a wasa na 11, wanda Carlsen ya sake ci, maki shida da rabi da huɗu da rabi.

Batun yadda za ka yi nazari kuwa, ka fara da kashe ma'aunin nan mai hawa da sauka a gefen allo. Stockfish, injin lissafin ces da ke cikin manhajoji irin su Lichess, ya fi kowane ɗan Adam ƙarfi, kuma kyauta ne, amma in ya riga ka magana ya ƙwace maka darasin. Ka rubuta takun wasan a takarda, ka rufe su da wata takardar, ka zaɓi ɓangare ɗaya ka zama shi. Kafin ka buɗe kowane taku, ka rubuta naka da dalilinsa a layi ɗaya. Inda naka ya saɓa da na gwani, nan ne wurin tsayawa. Sai ka gama wasan duka sannan ka kunna manhaja ta duba ku, kai da gwanin. Wasa ɗaya a mako da aka bi haka ya fi hamsin da aka zazzaga da yatsa a waya, kuma allon katako ba ya cin data, ba ya neman caji.

A kowane taku, na gwani ko naka, akwai tambayar da nake so ta zame maka jiki: wannan ɗan da ya tashi, me ya bari a baya, kuma wane sabon cek ya buɗe? Mun saba tambayar me taku yake nema. Ba mu saba tambayar me ya saki ba. 22.Bc2 ya saki c4. 23.Rg4 ya saki kariyar f2. 26.Kd2 ya ba da cek. Kowanne shi kaɗai ba laifi, haɗuwarsu ce ta zama rami. Sannan ka riƙa lura da duk ɗan da ke tsaye ba mai tsaronsa, naka da na abokin wasa, musamman in yana layi ɗaya da ɗan abokin gaba, ko da akwai wani a tsakaninsu. Kuma in aka ci maka ɗa, kada hannunka ya yi tsalle ya rama. Ka fara duba ko akwai cek da za ka ratsa da shi, kamar 27...Nxc4+. A wasannin ɗalibai da nake gani, wannan ratse shi ne abin da ya fi kuɓuce musu, don ramuwa tana zuwa kafin tunani.

Idan kun haɗu da abokanka a wannan makon, ku jera allon yadda yake bayan 20...Nxg6. Ku bi takun ɗaya bayan ɗaya har zuwa 27.Ke2, a kowane matsayi mutum ɗaya ya ɗauki Baƙi ya gwada Nxe5, ɗaya ya ɗauki Fari ya nemi amsa, ku rubuta wane ɗa ne ya hana ta aiki a wannan karon. Wanda ya ce haɗin baki ne, shi za ku ba Baƙi.